Ruwan Saman Haya

Mun fito daga silima sha ɗaya saura,
ni da Selvarani da ƙanenta Arumugam.
Titin Kodambakkam na hucin man suya da hayaƙin babur.
Muka tsaya teburin shayin tsoho Kanniappan,
wanda rabonsa da shiga silima shekara goma sha tara,
amma babu fim ɗin da ya tsira daga bakinsa.

Arumugam ya fara, kumatu cike da ƙosai:
"Kun ga faɗan kan jirgin ƙasa?
Mutum ɗaya, ƙarti arba'in!
Ni kam kuɗina bai tafi a banza ba."

Selvarani ta hura shayi, ta ce, "Naka dai.
Jarumin nan tun ina goye nake ganin fuskarsa a bango,
yau ga shi ya rine furfura
yana bin 'yar da ya yi jika da ita.
Ita kuwa me aka ba ta ta faɗa?
Jimla huɗu, na ƙirga.
Sauran duk juyi ne a jiƙe.
Muryar ma ta aro ce,
ta Vasanthi, maƙwabciyarmu ta da, mai tarin asuba,
da ake biya da awa a wani ɗaki marar taga."

Ni dai ban ce uffan ba.
Ruwan da ya jiƙa ta, ni na yi shi.

Dare uku ina kan tsani da mesa a kafaɗa,
tanka shida muka zazzage a ƙasa
a watan da famfon layinmu ke kaki ba ya tofarwa,
watan da Selvarani ke bin sahu da tulun roba
tun hankaka bai farka ba.
Darakta na ihu, "Ba haka sama ke yi ba!"
Na karkata hannu, na toshe rabin baki da yatsa,
na koya wa ruwa faɗuwa.

Ɗazu da aka kunna fitilu na hana su tashi.
Sunaye na hawa bango kamar tururuwa,
mai shara na jiran mu ɗaga ƙafa.
Na ga sunan mai riƙe wa jarumi laima.
Na ga na kamfanin da ya ba da hayar kare.
Har banki an yi wa godiya.
Thangavel dai bai fito ba,
rabin haƙƙina kuma na hannun wani mai suna Dawo Jibi.

Kanniappan ya ɗaga kofi sama da kansa,
ya tsiyayo shayi igiya guda, ko ɗigo bai kauce ba.
"To kai fa, mai hadari? Fim ya yi, ko bai yi ba?"

Na ce, labarin rigar aro ce, wuya ya yi yawa.
Waƙa ta uku ba ta da dalili.
Mugun ya mutu sau biyu.
Amma akwai inda uwar ta tsaya a bakin ƙofa,
ba kiɗa, ba magana,
ruwa na sauka ta gaban fitila
kowane ɗigo da nasa haske,
sai wata mata a kujerar gabana
ta jawo gefen mayafinta
ta rufe kan ɗanta.
A cikin ɗaki mai rufi, Kanniappan.
Ta manta.

Selvarani ta dube ni, ta daɗe.
Ta ce, "To je ka ce matar ta biya ka."
Amma ta tura mini sauran ƙosanta.

Muna nan sai rumfar kwano ta ce ƙwas,
ta sake cewa ƙwas.
Ƙasa ta saki ƙamshinta.
Na gaske ne, wanda ba a yi hayarsa ba.
Selvarani ta cire takalmi ta ruga tara bokiti,
Arumugam na biye yana ihu kamar an ci gasa.

Ni na tsaya a tsakiyar titi, na ɗaga kai.
Ya yi yawa ta hagu.
Ba wanda ya haska shi ta baya.
Da ni ne, da na sake ɗauka.